Ranar da Kudumawa Suka Kwashe Fartanyoyin Gauraka

A zamanin Sarki Anaruwa na Gauraka, a wata shekara da damina ta sauka da wuri, Duna Sarkin Dargaza ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Ya fito yaƙi gero bai kai gwiwa ba. Tun kaka da kakanni sarakunan wannan yanki ba sa buga tambarin yaƙi sai an kai amfani rumbu, domin mayaƙin da zai riƙe baka shi ne dai manomin da zai riƙe fartanya. Duna ya bar bayi suna yi masa noma, ya haye kogi da dawaki masu lifidi, ya ƙone ƙauyukan gabashin Kudumi, ya doshi birnin. Lissafinsa shi ne ba sarkin da zai bar gona a wannan lokaci ya zo taimakon wani.

Gauraka tana yamma da Kudumi, iyakarsu ɗaya. Mutanen ƙasashen biyu taubasai ne, ba su haɗuwa sai da zagi, kuma ba su taɓa zubar da jinin juna ba. Suna da wata al'ada da suke kira fizge. Bakudume yana da ikon ɗauke abu ɗaya na Bagaurake a gaban idonsa, haka shi ma Bagaurake, muddin ya ɗaga murya ya ce, "Na ɗauka." Mai abu ba ya kokawa, ba ya aike, ba ya sayen wani a madadinsa. Da ƙafarsa zai taka har gidan wanda ya ɗauka, ya ci tuwonsa, ya sha zagi, sannan a ba shi kayansa. Wanda ya ƙi zuwa, zabiya za ta sa shi a waƙa har jikokinsa.

Shugaban mayaƙan Gauraka shi ne Kaura Nomau, dattijo mai taurin kai, mai sanƙo, wanda ba a taɓa ganin kansa ba hula ba. Da hantsi yana zaune a zaurensa yana kallon shamuwoyin da suka baro sheƙunansu daga gabas suka cika rimin ƙofar gari, sai ya ji murya daga waje.

"Ina bawan nan nawa? A ce masa ubangidansa ya iso!"

Kaura bai ko ɗaga kai ba. "Wa ya bar ƙofa a buɗe har akuyar Kudumi ta shigo? Ku ɓoye wake."

Jarmai Ciwake ne, babban jarumin Kudumi, taubashinsa tun suna samari. Ya shigo yana dariya, amma Kaura ya ga abin da dariyar ba ta rufe ba. Ba doki, ƙafa ɗaure da tsumma, wuya ya zurma. A bayansa, can bakin hanya, tsofaffi da matan birnin Kudumi da manoman ƙauyukan da aka ƙone sun zube ƙarƙashin itatuwa da ɗan abin da suka tsira da shi.

"Ka rame," in ji Kaura.

"Kai kuma ka yi teɓa. Barcin hantsi da fura, aikin Gaurakawa ke nan."

Aka kawo ruwa da fura. Ciwake ya shanye ƙwarya guda bai sauke ba. Ya goge baki, ya ce ruwan sama ya zubar da wani ɓangare na ganuwar Kudumi ta wajen fadama, Duna kuma ya ji labari. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce a taimake su ba, kuma Kaura ya san ba zai ce ba. Taubashi yana ƙwace, yana zagi, amma ba ya roƙo.

Da azahar aka cika fada. Sarki Anaruwa ya zauna, manyan sarauta suka jeru. Aka fara shigo da manzon Dargaza, ya zo da ingarma kyauta. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Ubangidana Duna yana gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa. Ya ce ba ya da rigima da Gauraka. Ƙasar Kudumi ta kakansa ce, abinsa ya zo karɓa. In Gauraka ta zauna a gonarta, hanyar gishiri a buɗe take gare ku har abada."

Aka fitar da shi. Sarki ya dubi Galadima Barmo.

Galadima ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, mu karɓi dokin. Kudumi ba ƙaramar loma ba ce. In Duna ya haɗiye ta, zai yi shekaru yana fama da tawayen mutanenta, mu kuwa muna gyara ganuwa muna tara kibau. In kuma ya kasa, to, ba mu yi asarar ɗa ko ɗaya ba. Na aika wa Sarkin Tafki da sarakunan kudu, kowa ya ce yana jira ya ga abin da Gauraka za ta yi. Ba wanda ya ce zai biyo mu. Don me mu kaɗai za mu sa ƙirji?"

Magajiya Daudiya, gwaggon Sarki, ta buga sandarta a ƙasa. "Galadima, kakan Duna har rijiyoyinmu ya shayar da doki. Gobe ita ma Gauraka ta kakansa ce. In Kudumi ta faɗi, 'ya'yanta zai tasa a gaba da bulala, su za mu fara harbi kafin mu ga Badargaje ɗaya. Kuma duk sarkin da ke kallo zai koyi cewa ana fita yaƙi da damina a ci riba. Daga ranar ba manomin da zai ƙara sunkuyawa a gona hankalinsa kwance. Ku dubi rimin ƙofar gari. Tsuntsu ma ya san inda ake gudu a fake."

"Ko kuma ya nuna mana cewa an gama da gabas," in ji Galadima.

Sarki ya ce, "Kaura, ba ka ce komai ba."

Kowa ya zaci ya san abin da zai faɗa, ga taubashinsa zaune a bakin ƙofa. Kaura ya duƙa ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, ni ban iya ado da magana ba. Magajiya ta faɗi gaskiya, Duna zai zo mana. Amma in na kwashe maza yanzu, ciyawa za ta cinye gero kafin mu dawo. Na ga yunwa sau ɗaya ina saurayi, na ga uwa tana dafa ganye tana yi wa yara ƙarya cewa tuwo na zuwa. Ban ga yaƙin da ya kashe abin da ta kashe ba. A mayar wa Duna dokinsa. A rufe masa hanyar gishiri da ta ƙarfe, kada ko allura ta wuce. A ba Kudumi hatsi da kibau, a ba waɗanda suka gudo masauki. Amma maza, sai an gama maimai."

Maimai shi ne noma na biyu, kuma kowa a zauren ya san ganuwar da ta zube ba za ta kai lokacin ba. Kaura bai dubi bakin ƙofa ba. Maganar ta fita daga bakinsa kamar ana cire masa haƙori, amma ita ce gaskiyarsa.

Sarki ya ce, "Abin da Kaura ya faɗa, shi za a yi."

Ciwake ya taso yana ɗingishi, ya faɗi gaban Sarki. "Zaki, mun gode da hatsi. Da ma mun san bayinmu da ƙoƙarin noma." Aka ɗan yi dariya mai nauyi. Ya miƙe kamar zai fita, da ya zo daidai Kaura sai ya miƙa hannu ya zare hular kansa.

"Na ɗauka!"

Sanƙon Kaura ya bayyana yana ƙyalli a tsakiyar fada. Dariya ta ɓarke, har Sarki ya rufe baki da hannun riga. Kaura kaɗai bai yi dariya ba. Ya bi bayan Ciwake da kallo, ya ga yadda ya cusa hular a ƙirji ya fita bai waiwayo ba. Gidan Ciwake yana cikin birnin Kudumi, dab da inda ganuwa ta zube.

Ya ce a ransa, ni kaɗai, tsoho ɗaya, to, zan je. Bai san ba shi kaɗai ba ne.

Washegari rana ta take, manoma suka ajiye fartanyoyi a bakin kunya, suka shiga inuwa shan fura. Sai ga Kudumawan nan da aka ba masauki suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, tsoho da tsohuwa, mai goyo da mai sanda. Kowa ya nufi gona, ya sunkuya ya ɗauki fartanya ko garma a gaban mai ita.

"Na ɗauka!"

Daga wannan gona zuwa waccan, daga gabas da gari har yamma, abin da ake ji ke nan. Wani ƙato ya miƙe da ludayi a hannu, wata tsohuwa da ba ta kai kafaɗarsa ba ta ce masa, "Zauna, ɗan bawa, ka ƙarasa furarka. Gidana yana Unguwar Marina, ka tambayi gidan Gwamma." Ya koma ya zauna baki buɗe. Ba wanda ya ɗaga musu hannu, domin ba a yi. Suka saɓa kayan noman Gauraka a kafaɗa, suka kama hanyar gabas, hanyar da suka gudo ta cikinta jiya.

Kaura yana tsaye a ƙofar gari, rana tana dukan kansa, suka wuce ta gabansa. Ciwake ne a ƙarshe.

"Kai, mahaukacin tsoho," in ji Kaura, muryarsa ƙasa ƙasa. "Mata da tsofaffi za ka mayar bakin Duna?"

"Ni na ce su koma? Su suka ce. Sun ce gara su mutu a gida da fartanyarku a hannu." Ciwake ya ɗaga kafaɗa. "Ka ce noma ya hana ku. To, ga noman nan zai tafi Kudumi. Kada ka makara, bawa, tuwo ba ya daɗi in ya huce."

Kafin la'asar fada ta sake cika. Galadima har rawaninsa ya karkace. "Ranka ya daɗe, wannan ba wasa ba ne, tarko ne! A tura dawaki a ƙwato. Ko a sa maƙera su kwana suna ƙira."

"Wa zai riƙe sabuwar?" in ji Magajiya. "Kai za ka fara, zabiya ta fara da kai?"

Sarki ya dubi Kaura, ya yi ƙoƙarin kada idonsa ya tsaya a kan sanƙon.

Kaura ya ce, "Zaki, abin da na faɗa jiya ban janye ba. Lokacin bai yi ba, kuma za mu ji a jikinmu. Amma ka leƙa waje. Samari sun fara ɗaura ɗamara, kowa zai je karɓo abinsa, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. In ka hana su, ka kashe abin da ya hana mu yaƙi da Kudumi tun kafin a haifi kakanka. In ka ƙyale su haka, za su tafi a warwatse da sanduna, dawakin Duna su tsince su a hanya kamar fara. Tunda tafiyar ta zama dole, a ba ni su in jera su, kowa da baka da kwari."

"Kai fa?" in ji Sarki. "Za ka je da zuciya ɗaya?"

"Hulata tana can, ranka ya daɗe. Rana tana cin kaina."

Aka buga tambari. Aka mayar wa manzon Dargaza dokinsa, amma aka riƙe shi a masauki ana ba shi nama da fura, ba a sallame shi ba sai da runduna ta yi nisa.

Kaura bai bi babbar hanya ba. Ya ratsa da mutanensa ta cikin daji, ba doki, ba kaya mai nauyi, ruwa yana dukansu suna tafe. Da suka hau tudun da ke kallon Kudumi da sassafe, ya ga abin da ya sa ya tsaya. Fartanyoyin Gauraka ba su kwanta a ɗaka ba. Kudumawa sun fasa gaɓar rafi da su, sun juyo ruwa cikin fadamar da ke gaban ɓarakar ganuwa, ciyawa ta rufe saman, wanda bai sani ba sai ya ce fili ne. A bakin ɓarakar kuwa mutane ne tsaye, kaɗan da mashi, mafi yawa da garemani.

"Ɗan banzan tsoho," in ji Kaura, yana girgiza kai. "Ashe har aiki ya sa su."

Kakakin Dargaza ya yi kuka. Duna ya saki dawakin lifidi gaba ɗaya, don ya gama da birnin kafin rana ta ɗaga. Ƙasa ta ɗauki rawa. Sahun farko ya faɗa fadama, dawaki suka nutse har ƙirji, lifidi ya sha ruwa ya zama kamar an ɗaura wa doki buhun ƙasa. Na baya suka hau kan na gaba. Duk da haka waɗansu suka ratsa ta gefe inda ƙasa ke da tauri, suka kai bakin ɓaraka, aka haɗu ƙirji da ƙirji. Daga tudu Kaura ya hango wani tsoho mai ɗingishi a tsakiyarsu, takobi yana tashi yana sauka.

Sarkin Baka ya matso. "Kaura, mu saki?"

"Tsaya. Bari na bayan su gama shiga."

Ya tsaya yana kallo har sai da dakarun ƙasa na Duna suka bi dawaki cikin laka. A daidai lokacin ya ga tsohon ya durƙusa. Kaura ya ɗaga hannu.

"Yanzu! Ku je ku karɓo kayanku!"

Kibau suka tashi daga kan tudu kamar an watsa tsakuwa. Gaurakawa suka gangaro da ihu. Dargazawa suka waiwaya suka ga runduna a inda aka rantse musu ba kowa sai manoma a gona. Wanda ya iya fitar da ƙafarsa daga laka ya gudu, wanda bai iya ba ya jefar da makami. Duna da kansa sai a kan dokin wani bawa ya kai kogi, ya bar tamburansa da laimarsa a fadama. Bai mutu ba, kuma Kaura ya san wata rana za a sake jin sa. Amma ba da damina ba.

An yi asarar maza, na Gauraka da na Kudumi, aka haƙa musu kaburbura da fartanyoyin nan a jere, ba a ware ba. Kafin rana ta faɗi sai ga manzannin Sarkin Tafki da na sarakunan kudu, ashe suna bayan tudu suna jiran su ga inda abin zai karkata. Suka ce iyayengijinsu a shirye suke su rufe wa Dargaza kowace hanya. Kaura ya ce, "Madalla. Ku rufe da kyau. Wanda ya zo da hannu kuma, ga gawa nan a taya mu ɗauka."

Cikin gari kuwa sai hayaniya. Gaurakawa suna bi gida gida suna tambaya, ana zaunar da su ana tura musu tuwo ana zaginsu. Sarkin Kudumi ya sa aka yi shela cewa duk mai hannu biyu zai bi Gaurakawa gayya, ba wanda zai taɓa gonarsa sai an fitar da ciyawa daga tasu. Kaura ya ji, ya ce a ransa ba duka za a ceto ba, bana sai an haɗa da rama da tafasa. Amma ba za a yi wa yara ƙarya ba.

Ya sami gidan Ciwake. Ya tarar da shi kwance a zaure kan tabarma, an ciro kibiya daga haƙarƙarinsa, wanzami ya zuƙe dafin ya ɗaure. Leɓensa ya yi fari.

"Ka makara," in ji Ciwake.

"Na tsaya kallon yadda ake faɗan 'yan wake. Ina hulata?"

Ciwake ya nuna da ido. Tana rataye a turke, an cika ta da wake fal. Matarsa ta kawo tuwo, Kaura ya zauna ya ci loma uku kamar yadda al'ada ta ce, ko ɗanɗanonsa bai ji ba. Ya zazzage waken a ƙwarya, ya kifa hular a kansa.

Ciwake ya juyo ya dube shi. Sannan ya ce, a hankali, "Nomau. Ina jin wannan karon ba zan tashi ba. In ta kasance, ka duba mini yaran nan."

Tun suna samari bai taɓa kiran sa da sunansa ba, kuma bai taɓa roƙonsa komai ba. Kaura ya ji abin ya soke shi fiye da mashi. Ya duba hagu, ya duba dama. Takobin Ciwake yana jingine a bango, wanda ya gada daga ubansa, ko wanka zai yi yana kusa da shi. Kaura ya miƙe, ya ɗauke shi, ya rataya a kafaɗa.

"Na ɗauka!" Ya faɗa da ƙarfi har na cikin gida suka ji.

Ciwake ya zaro ido. "Kai! Ajiye mini abina, ɓarawo!"

"Ba aike, ba saye. Da ƙafarka. In kuma ka mutu ka bar shi a gidana, ni da kaina zan biya zabiya." Ya juya ya fita da sauri, don kada a ga fuskarsa.

Aka yi gayya, aka ceci abin da aka ceta. Kaka ta zo, rumbuna ba su cika ba amma ba su zauna wayam ba. Takobin yana rataye a zauren Kaura, kullum da hantsi sai ya zauna yana fuskantar hanyar gabas, in an tambaye shi ya ce iska yake sha. Fatake suka zo suka wuce, wani ya ce Jarmai yana samun sauƙi, wani ya ce jikin ya tashi. Kaura bai aika ba, bai tambaya ba.

Ranar da aka gama ɗaure dawa, yana gyangyaɗi, sai ya ji ƙarar sanda tana dukan ƙasa a hankali, tana tsayawa, tana sake tahowa. Sannan wata murya, ta shaƙe amma ba ta canza ba.

"Ina ɓarawon bawan nan? A ce masa ubangidansa ya iso!"

Kaura ya runtse ido, ya sauke numfashin da ya riƙe tun damina. Ya gyara hularsa, ya juya wajen cikin gida.

"Ku ɗora wake," ya ce. "Da yawa."